Ƙarar Wuƙa a Gefen Daro

Ranar da Marelvis ta nuna min aikin a wayarta, muna bayan kantin maganin da muke aiki muna cin arepa, wainar masara mai ƙwai, a tsaye, na kusa ƙwarewa don murna. Wai kamfani ne a intanet, su turo miki bidiyo, ki saurara, ki rubuta abin da ake faɗa ya fito a ƙasan hoto saboda kurame, su biya ki da dala. Kina gidanku, ƙafarki a kan kujera.

"Kuma irinmu suke nema," in ji Marelvis, bakinta cike da ƙwai. "Mutanen Bogotá ba sa gane maganarmu ta nan Barranquilla, wai muna haɗiye rabin kalma. Ke kuwa, Ledis, da wannan kunnen gulmar naki? Ai don wannan aikin aka haife ki."

Ban musa ba. Albashin kantin ba ya kai ni ƙarshen wata, kuma duk yammacina a banza yake tafiya. Kafin in isa gida na riga na sayi sabon firiji a zuciyata. Kafin magariba duk layinmu ya san Ledis 'yar Doña Emérita ta zama ma'aikaciyar ƙasar waje, saboda ni da bakina na faɗa wa kowa.

Sai dai akwai gwaji, kuma sau biyu kawai ake ba mutum dama. Na ari tsohuwar kwamfutar Marelvis na yi na farko. Na rantse ko kalma ɗaya ban bari ba. Amsa ta zo a gajarce: aikin bai cika ba. Ba su ce ga inda ya gaza ba. Na zagi kamfanin, na zagi kakannin wanda ya duba, sannan na zauna na yi tunani, na yanke cewa laifin layinmu ne. Ina mutum zai yi aikin kunne a nan? Babura, karnuka, masu talla, ga Nicanor maƙwabcinmu da tulin lasifikokinsa da suka fi ƙofar gidansa tsayi. In ya saki kiɗan champeta ran Lahadi, ruwan da ke cikin kofi ma rawa yake yi.

Dama ɗaya ta rage min. In na faɗi, sun rufe min ƙofa, kuma sai in sauya hanyar zuwa aiki don kada in haɗa ido da kowa. Saboda haka na je wurin Nicanor.

"Don Nicanor, alfarma nake nema. Lahadi bayan abincin rana, ka kashe min kiɗan nan na ɗan lokaci."

Ya dafe ƙirji. "Ran Lahadi? Yarinya, mutuwa aka yi?"

"Za a yi, in na faɗi gwajin nan."

"Ranar da aka binne surukata ma ban kashe ba, ƙarawa na yi."

Mama ce ta gama da shi. Ta aika masa da kwanon sancocho, farfesunmu mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki, da saƙon cewa ta san wanda ya fasa mata tukunyar fure bara. Daga nan ta bi gida gida tana cewa a yi min shiru ran Lahadi. Mamata in ta ɗauki abu, layinmu ba shi da zaɓi.

Lahadi ta zo. Ban taɓa jin unguwarmu haka ba. Mutane sun fito da kujeru ƙofar gida suna fifita, suna magana ƙasa-ƙasa, yara an ɗaure musu baki da alewa. Mama ta kunna kyandir gaban hoton Maryamu. Yayana Dairo, wanda yake aski a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, yana ta kallon mutane yana dariya. Shi kurma ne tun yana goye, zazzaɓi ya tafi da jinsa, da hannu muke hira da shi. Ya yi min alama: "Me ya sami fuskar Nicanor? Kamar wanda aka ƙwace wa mata."

Na shiga ɗaki, na toshe kunnuwana da abin sauraro, na buɗe bidiyon. Wata tsohuwa ce daga Soledad, garin da ke maƙwabtaka da mu, tana zaune a kujera mai lilo a ƙofar gidanta, tana ba da labarin yadda ta koyi ɗinki. Maganarta irin ta kakata ce sak, daɗi ya kama ni. Yatsuna suna ta gudu. Can sai na ji champeta tana tashi a hankali, ga babur ya wuce, ga mai butifarra, curin naman nan da ake talla, yana buga wuƙa a gefen daronsa, ƙwal ƙwal ƙwal, kamar a bakin tagata.

Kaina ya ɗau zafi. Na fizge abin kunnen, na fita ba takalmi.

"Don Nicanor! Ka ci sancochon uwata ka ci amanata?"

Duk layin ya juyo yana kallona. Nicanor yana zaune shiru, filogin lasifikar a kan cinyarsa. Ya ɗaga shi sama. Ba kiɗa, ba babur, ba mai butifarra. Har kukan kurciya ake ji.

"Ta haukace," in ji wata daga can. "Dalar tun ba ta zo ba."

Na koma ciki da kunya kamar ƙasa ta tsage. Ashe hayaniyar a cikin bidiyon take. Layin tsohuwar da namu duk ɗaya ne, kuma da ba a yi min shirun nan ba, da har abada ba zan raba su ba. Na yi dariya ni kaɗai, na ce to, hayaniya ce dai, ni magana aka sa ni rubutawa. Takardar kamfanin ta ce a rubuta sauti in yana da muhimmanci, ni kuwa a wurina sauti mai muhimmanci shi ne harbin bindiga ko fashewar taya. Kiɗa da talla ai iska ce.

Na gama, na duba, komai tsaf. Yatsana yana kan maɓallin turawa sai ga Dairo ya leƙo da almakashi a aljihu. Ni da son yabo, na jawo shi: "Zo ka ga aikin ƙanwarka. Don irinku aka yi shi."

Ya zauna yana karantawa, yana gyaɗa kai, ya yi dariya inda tsohuwar ta zagi mijinta. Ina ta hura hanci. Can sai ya ɗaga hannu, na tsayar.

"Me ya sa ta yi shiru a tsakiyar magana? Wa take kallo? Me ya sa ta laluba aljihu?"

"Mai butifarra ne ya wuce."

"Ina yake? Ban gan shi ba."

"Ba ya cikin hoton. Ta ji shi ne."

"To a ina kika rubuta?" Ya matsar da bidiyon baya da kansa. "Nan ma, kafaɗarta tana motsi. Ciwo ne?"

"Kiɗa ne, Yaya. Rawa take yi a zaune."

Ya buɗe hannuwa ya kalle ni, irin kallon da yake yi wa wanda ya zo da askin da ya yi wa kansa. Na yi ihu har Mama ta shigo da ludayi. Wannan ne! Abin da bai cika ba ke nan! Na rungume kan Dairo na sumbaci sanƙonsa, na koma farkon bidiyon. Muka bi shi tare. Duk inda tsohuwar ta motsa ba dalili, ya taɓa ni, ni kuma in kasa kunne. "Champeta tana tashi daga nesa." "Babur ya wuce, ta ɗaga murya." "Mai butifarra yana buga wuƙa a gefen daro." A nan Dairo ya riƙe min hannu.

"Bugun nan ƙara yake yi?"

"Sosai. Da shi yake kiran mutane."

Ya saki hannuna. Sannan ya fashe da dariya har da hawaye. "Tun ina yaro na ɗauka ƙudaje yake kora. Nakan ce kai, Mama akwai hanci, tana kicin take jin ƙanshinsa daga ƙarshen layi!"

Na tura. Amsar ba ta zo ba sai Talata da rana, ina bayan teburin kanti ina miƙa wa wani dattijo maganin tari. Sun ɗauke ni. Na rungume dattijon, Marelvis ta yi rawa tsakanin akwatuna. Da yamma Nicanor ya saki kiɗan da ya tara tun Lahadi, yana gaya wa kowa shi ne ya ci min gwajin.

Dairo ya bari sai da aka lafa. Ina zaune a dakalin ƙofa ya zo ya zauna kusa da ni, ya miƙo min wayarsa. "Ladana," ya ce. "Yi wa gidan nan irin na tsohuwar."

Na karɓa ina dariya. Na rubuta masa kiɗan Nicanor. Na rubuta karen Doña Tulia da ke haushi. Na rubuta ƙofarmu da ke kuka duk lokacin da aka buɗe ta, ya ce gobe zai sa mata mai. Na ƙara kasa kunne, na rubuta: "Mama tana waƙa a kicin."

Ya karanta, ya sake karantawa. "Mama tana waƙa?"

"Kullum in tana girki."

"Kullum?"

Murhunmu bango yake kallo. Duk rayuwarsa bayanta kawai yake gani in tana dafa abinci. Na gyaɗa kai. Ya tashi ya shiga, na bi shi. Mama tana juya shinkafar kwakwa, tana rera abinta. Ya tsaya a bayanta, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar bayanta a hankali. Ta zabura ta yi shiru, ta juyo tana kallonmu.

"Ci gaba, Mama," na ce. "Yana saurare."