Tambaya ta Tara

…kuma har yanzu ƙamshin man shafawarki bai bar su ba, Yaya Ummu. Littattafanki, cikin kwali. Inna ta ce ganinsu na tayar mata da ciwo, don haka Baiwa, ƙawarki ta kwalejin malamai, za ta zo bayan la'asar ta kwashe. Wai ita za ta ƙarasa bincikenki, da sunanki a kai.

Turanci. Ina bin shi da yatsa kamar mai ratsa fadama da damina — ka taka nan, ka nutse can. Aji uku na ƙaramar sakandare, nan na tsaya. Wanga mai koren bango ne kinka ce yana bayanin yadda za a gyara makarantu. Kinka ce da masu rubutun sun taɓa dashen shinkafa, da sun san watan da ya kamata a ba yara hutu. Na yi dariya. Mi ya ba ni dariya?

Ga takardar a tsakiyarsa. Tambayoyinki kan abin da ke fitar da yara daga makaranta. Mutum hamsin za ki tambaya, da ƙanenki kinka fara. Lamba ɗaya: Munzali. Kina zaune kan turmi, biro a baki…

"Kai, ɗan fadama, tsaya ka amsa, ba cizo take ba."

Takwas na amsa ina neman takalmina. Ga su da rubutunki, ƙanana, sun jingina da juna kamar shinkafa bayan iska. Ta tara babu komi. Kin fassara mani ita: in an buɗe maka hanya, za ka koma aji?

"Bari in dawo daga gona."

Na dawo. Ke kin hau motar Argungu. Kwana arba'in da biyu ke nan, motar da ba ta… a'a. Ba zan bi ta nan ba.

In na rubuta a'a, ƙarya na yi miki. In na rubuta eh, wa zai kama wa Baba dashe? Wa zai zauna da ni kan turmi yana warware mani kalmomin da sunka fi ƙarfina?

Sallama a zaure. Muryar Baiwa ce, Inna na amsawa.

Bironki na hannuna, da shaidar haƙoranki a murfinsa. Eh ɗin harufa biyu ne kacal, na iya su, wallahi na iya… amma ke na so ki ji.