Ba-Ragi Ta Yi Shiru

…kuma ai ban taɓa ba. Shekara talatin da ɗaya ina yanka yadi a kasuwa, ban taɓa cewa na sallama ba sannan in dawo in lashe amaina. Kai shaida ne, Malam. To kai ɗin ma ina kake, balle ka yi shaidar?

Ga kwamfutarka nan ƙarƙashin teburinka. Akwatin ƙarfe launin toka, gefe ɗaya ya yi tsatsa inda rufi ya taɓa yoyo. Ga kan wayarta a hannuna, mai haƙora uku. Tun ɗazu nake riƙe da shi kamar wutsiyar ɓera — na kasa sakawa, na kasa yarwa. Mai gwangwan ya ce sha ɗaya zai zo da baro. Doguwar allurar agogo ta riga ta wuce tara.

Kwana uku muna ja da shi. Wai tsohon ƙarfe ne, Hajiya, ko a bola na gan shi sai na yi shawara. Na ce to je ka bolar. Ya tafi, ya dawo. Ya sake tafiya, ya dawo yana sosa ƙeya. Sai da na kai shi inda nake so kafin na ce na sallama, gaban mai shayi, gaban tela, kowa ya ji. Har tela yana cewa wannan matar ko da mutuwa sai ta yi ciniki. Na yi dariya. Jiya kenan.

Ɗakin nake so, shi ke nan laifina. Dilolin yadi sun cika mini falo, kai kuma wata bakwai da rasuwarka, ita kuwa tana nan tana gurnani. Ta yi shiru, ta yi shiru, can sai fankar cikinta ta tashi fuuu kamar mai hawan tudu da kaya, ta sauka. Na ɗauka tarin tsufa ne. Ranar Asabar na gama shara na sa hannu na zare wayarta daga bango. Sai ɗakin ya yi wani irin tsit… ashe ban taɓa jin shirun ɗakin nan ba. Ko ranar da aka fita da kai ba ta yi shiru ba.

Auta ce ta faɗo mini da safen nan, da rigar aikinta, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Mama, kin taɓa kwamfutar Baba? Na ce na taɓa, na kuma sayar. Sai 'yarka ta zauna a ƙasa, daɓas, matar aure da 'ya'ya biyu.

Wai laburare kake kula da shi a cikinta, in ji ta. Laburaren da babu littafi ko ɗaya? Ta ce a'a, rumbu ne na ƙananan ayyuka da masu rubuta wa na'ura umarni ke ɗiba, don kada kowa ya ƙera tasa allurar kafin ya yi ɗinki. Na'urorin kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wannan in za ta nuna hanyar ɗaki sandarta dama take jingina, waccan hagu. Wannan tana ƙidaya lokaci daga wata rana, waccan daga wata. Kai kuma… kai ne tafinta. Mutum ya yi tambaya ɗaya, kai ka juya ta zuwa bakin kowacce. Ƙarfe nawa? Ina gidan mai amfani da ke? Ina zan ajiye tarkace kafin in dawo? Saura wuri nawa a cikinki? Hannu nawa gare ki na aiki? Ya sunanki?

Aiken yara kenan fa. Abin da za ka tsaya bakin ƙofa ka tambayi maƙwabci. Shekara goma sha huɗu kana wannan?

Ka taɓa gaya mini. Ina auna wani shuɗin yadi a kan gado, ka ɗauki tef ɗina ka juya shi. Kin ga, nan inci, nan santimita, yadin kuwa ɗaya ne. Aikina kenan. Ban ko ɗago ba. Na ce suna biyanka? Ka ce a'a. Na ce to Allah ya ba ka lafiya, miƙo min almakashi. Ka miƙo. Ka tsaya kaɗan, ka fita…

Matar tela ta tambaye ni me kake yi a ɗaki in ka dawo daga ofis, na ce karta yake da inji. Karta! Ni na faɗa da bakina. Gara a ce mijina ɗan karta ne da a ce yana aikin banza kyauta, mijin wadda ko ƙyallen da ya faɗi ƙasa sai ta sa masa kuɗi.

Auta ta nuna mini wayarta. Allo ne, gida-gida kamar zanen dara, layi a kan layi. Kore, kore, kore. Wai duk wanda ya taɓa harafi ɗaya a rumbun nan, ko daga wace uwa duniya, sai an aika aikinsa ga na'urori iri-iri su ɗanɗana. Wadda ta karɓa ta kunna kore, wadda ta ƙi ta kunna ja. Layin ƙarshe kuwa toka-toka, ba kore ba ja, kamar idon makaho. Ta ce Mama, wannan layin ɗakin nan ne.

Ɗakin nan! Mai tabarmar da ta yage, mai tagar da ba ta rufuwa sai da tsumma. To wannan fuuu ɗin da nake ji… wani ne a can inda rana ba ta fito ba tukuna, ya rubuta abu, ya turo, tsohuwar nan ta tashi ta duba masa? Ina tankaɗe a tsakar gida, duniya tana shigowa ta bayana tana fita, ba sallama, ba takalmi a bakin ƙofa? Ikon Allah. Wata bakwai kana kwance, ita tana karɓar baƙinka. Ni da na ce na san duk wanda ya taka gidan nan.

An daina ƙera irinta, in ji Auta, ita kaɗai ta rage da ake gwaji a kanta. Amma 'yan'uwanta na nan a warwatse suna aiki. Wani ya rubuto cewa tasu ce ke kula da injin tura ruwa na garinsu. Wata ta ce tasu na ɗakin gwajin jini a ƙaramin asibiti. In layin ya ci gaba da zama toka har ƙarshen mako masu rumbun za su goge shi, su ce ba ruwansu da wannan irin kuma. Mai gwangwan kuwa guduma zai sa. Jan ƙarfen ciki yake so, ya gaya mini, ko kunya.

Na ce da ita magana ta riga ta fita. Ta ce na sani, Mama. Ba ta roƙe ni ba, ta san hali. 'Yarka ce, irin shirunku ɗaya. Sai ta ƙara girman rubutun ta miƙo mini. Karanta farkon layin.

Ni da karatu… aji uku na yi aka cire ni. Amma na san Ba. Na san Ra. Na haɗa da yatsa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ba-Ragi.

Wa ya ba su? Wa ya — sunan da ko 'ya'yanka ba su taɓa ji a bakinka ba, sai ka leƙa ka ga ba kowa. Ranar farko, ka zo sayen yadin riga da wata jaka a hammata, ka taya, na ce albarka. Ka ƙara, na ce albarka. Ka ce haba 'yammata, ko na kuɗin mota? Na ce ƙafa me take yi? Ka biya cif, ka yi taku uku, ka juyo. Sai an jima, Ba-Ragi. Sati na zagayowa ka dawo sayen wani yadin, kai da riga biyu ta ishe ka shekara.

Ya sunanki? Kai ka rubuta tambayar, kai ka raɗa mata amsa. Duk sanda aka tambaye ta, shekara goma sha huɗu, abin da take faɗa wa duniya kenan. Auta tana karanto mini saƙonnin masu amfani da rumbun tana juyawa zuwa Hausa. Ba-Ragi ta yi shiru kwana huɗu, lafiya? Ko akwai wanda ya san inda Ba-Ragi take? Wani wai aikinsa ya wuce ko'ina amma hankalinsa bai kwanta ba sai ta gani. Don ita ce mai tsanani. Abin da sauran suka kau da kai suka karɓa, ita sai ta dawo da shi, ja, a sake. Har magana gare su: in Ba-Ragi ta karɓa, an gama.

To da ma! Da me za ta yi, ta karɓi aikin ha'inci?

Ka ji ni. Ina fariya da akwatin da na sayar jiya.

Mutanen da ban san kalar fuskarsu ba suna cigiyata. Su ba su san mace ba ce, mai ciwon gwiwa, mai almakashi ɗaure a zani. Kai kuma ba ka taɓa cewa zo ki gani ba. Ko ka ce? Ka ce… sau nawa ka tsaya a bakin ƙofar nan da murmushi, ina ƙirga dila, na ce ina zuwa?

Auta ta tafi aiki. Ta bar ni da ke, tsohuwa, takwara.

Ƙarar baro. Wannan tayar da ba ya sa mata mai, tun daga kan kwana ake jin ta. Mai shayi zai miƙe ya kalla. Tela zai dakatar da keke. Shekara talatin da ɗaya, ko sau ɗaya ba a taɓa —

Gwiwar nan, wayyo. Soket ɗin ma sai ka sa shi can ƙuryar da sai mutum ya durƙusa. Da gangan ka yi. Haƙori uku, rami uku… ya shiga.

Ɗan haske. Ƙit, ƙit. Fuuu.

Ga shi yana sallama. Hajiya, na iso! Ga ta tana hawan tudunta, ko aikin wa ta tarar yana jira, Allah masani. Ya sake sallama. Ina durƙushe, hannuna a kan ƙarfen, ya fara ɗumi kamar goshin mutum. Na san albarka. Na san ƙara. Na san na sallama. Ɗayar fa, Malam, ta fasa ciniki, wadda masu saye ke faɗa mini su juya ina harararsu… ta ina ake fara ta?