Mutumin da Ya Juya Baya

Maza biyu ne suka zo ɗaukar zane-zanen zuwa zauren da za a baje kolinsu, ni kuma aka ba ni aikin riƙe ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya suke fita da su daga falo, suna rungume da su kamar jarirai, Inna na zaune a kujerarta tana ba da umarni da sanda.

"Ku yi a hankali da wannan, bai gama shan iska ba. Amarya, zo ki nuna musu inda za su riƙe."

Shekararta shida da auren ƙanena, har da 'ya mai shekara biyar, amma a bakin Inna har gobe Amarya ce. Ta fito daga ɗaki da gudu-gudu, gefen mayafinta duk ɗigon fenti, tana dariya tana ba su haƙuri. Na ƙarshen da suka ɗauka a naɗe yake cikin takarda, an ɗaure da igiya. Na tambaye ta na mene ne.

"Sai ranar buɗewa, Yaya," ta ce, ta kashe mini ido.

Na saki ƙofar ta rufe da kanta, na koma kan keken ɗinkina.

Ƙanena soja ne. A gida Kofur muke ce masa tun kafin ya sami igiya ko ɗaya. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da aka tura su filin daga, ya kawo matarsa da 'yarsa gidan Inna ya ce mu riƙe masa amana. A watannin farko Amarya ba ta da aiki sai kuka da duba waya. Inna ce da kanta ta ce ta nemi abin da zai ɗauke mata hankali, ta shiga ajin koyon zane da ake yi wa mata duk Asabar a wata cibiya. Daga fensir ta koma burushi. Kafin shekara ta zagayo, warin fenti ya kori warin man kekena daga gidan.

Ba zan ce ba ta iya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta zana tagar kicin da hasken safiya a kan kwanukan da aka kife, na tsaya ina kallo har ruwan zafi ya ƙone a wuta. Inna, wadda idonta na hagu ya riga ya yi hazo, takan sa tabarau ta kai hancinta dab da allon ta ce, "Allah mai baiwa. Yarinyar nan hannunta na gani."

Ni ma hannuna ya taɓa gani. Ina aji uku a sakandare malaminmu ya liƙa zanena a bangon ofishin shugabar makaranta, ya ce a bar yarinyar nan ta ci gaba. A shekarar Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Aka zauna aka duba, aka ce namiji ne zai riƙe gida gobe, Kofur ya ci gaba da karatu, ni kuma a kai ni koyon ɗinki. Ba wanda ya tambaye ni. Na yi aure, auren ya mutu, na dawo ɗakin da na bari. Ni ke yi wa Inna wanka, ni ke yanke mata farce, ni na san wane magani ne na safe, wane ne na yamma. Ban taɓa jin ta ce hannuna na gani ba.

* * *

Zane ɗaya Amarya ta hana a ɗauka. Ta rataye shi a falo, daidai inda mai shigowa zai fara kai ido. Wani mutum ne zaune a bakin gado ya juya baya, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi, hasken taga ya sauka a ƙeyarsa da kafaɗarsa. Ba kaki a jikinsa, farar riga ce kawai ta zaman gida.

"Wannan nasa ne," ta ce da ni. "Haka na gan shi ran da zai tafi, kafin ya sa kayan aiki. Kullum na rufe ido abin da nake gani ke nan."

Ba ta buƙatar gaya mini. Ni na goya shi. Na san kunnensa na dama da ya ɗan fi na hagu buɗewa, na san yadda yake karkatar da wuya idan yana ɗaure takalmi tun yana ɗan firamare.

A makon ne labari ya zo cewa za a sauya rundunarsu, nan da wata ɗaya suna gida. Gidanmu ya rikice. Inna ta sa aka sake wa falo fenti, na ɗinka sababbin labule, Auta, 'yar Kofur, ta koyi sara wa mutane irin na soja tana buga ƙafa. Da Kofur ya kira da yamma aka sa wayar a tsakiya kowa na ji, Inna ta ƙwace zancen.

"Ka auro mana mai daraja, ɗan nan. Za a kafa zanenta a babban zaure, mutane su zo kallo. Malaminsu da kansa ya zo har gida sau biyu, ya ce bai taɓa koyar da irinta ba."

"Malamin namiji ne?" in ji Kofur, yana dariya.

"Namiji ne mana, mai ladabi."

"To madalla. Yaya fa, tana nan?"

"Tana nan, tana ɗinkinta," Inna ta ce, ta koma zancen zaure.

Washegari da hantsi Amarya ta raka Auta makaranta, Inna na barci. Na tsaya gaban zanen nan na daɗe. Sannan na ɗaga waya na ɗauki hotonsa, na tura wa ƙanena, na bi shi da saƙon murya. Har yau ina jin muryata, a sanyaye, irin ta mai ba da shawara.

"Kofur, ni dai ban ce komai ba. Amma ka dubi wannan ƙeyar da kyau, ka gaya mini ko taka ce. Mutum ba ya zana abin da bai zauna ya kalla ba."

Na ga alamar ya saurara. Na je na ɗora wa Inna ruwan wanka.

* * *

Ranar buɗewa na sa mafi kyawun kayana, na tura Inna a keken guragu har cikin zauren. Fararen bangaye, fitilu ƙanana kowace ta haska zane ɗaya, mutane na tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa. Malamin zanen ya zo ya durƙusa ya gaida Inna. Mutum ne mai furfura a gemu, yana ɗingishi, matarsa na biye da shi riƙe da jakarsa.

A ƙarshen zauren mutane sun taru gaban wani babban zane. Na tura Inna muka matsa. Sai na ga kaina.

Ni ce durƙushe a ƙasa, ƙafar Inna a cinyata, ina shafa mata mai a diddige. Tef ɗin awo na rataye a wuyana, allura biyu soke a gefen ɗankwalina. Ta zana jijiyoyin bayan hannuna, ta zana kantar da almakashi ya yi mini a babban yatsa. A ƙasa an rubuta kalma ɗaya a 'yar takarda: Yaya.

"Dubi hannayen nan," wata mata ta ce wa ƙawarta. "Kamar su yi magana. Wannan ta ga wahala."

Amarya ta zo ta kama hannuna a gaban mutane. "Ga ta nan. Wurinta na koyi haɗa launi, ina kallon yadda take jera zare a kan yadi. Akwai ran da ta wuce ta ce mini inuwar kofin nan ta karkace, wallahi malam ma bai lura ba."

Suka juyo suka yi mini murmushi, wani ya ce in tsaya kusa da zanen a ɗauke mu hoto. Na tsaya. Ya kamata kunya ta kashe ni a wurin, kuma ta ɗan taɓa ni. Amma abin da ya fi ƙarfi a ƙirjina wani abu ne daban. Shekara ashirin ina durƙushe ba wanda ya gani, sai da ta ɗauki durƙusona ta rataye a bango, kuma ita ake tafa wa. Har gajiyata ta zama tata.

Da muka koma gida wayata ta yi ƙara. Kofur ne.

"Yaya, maganar da kika yi mini. Kin tabbata?"

Daga falo ina jin Inna na ba maƙwabciya labarin zauren, tana maimaita sunan Amarya.

"Ka dai zo ka gani da idonka," na ce.

* * *

Ya iso ranar Talata da azahar. Da ƙyar na gane shi. Wuyansa ya zama siriri, kafaɗun sun zube, gashin ƙeyarsa ya fara fari. Auta ta sara masa ta buga ƙafa, ƙarar ta sa ya zabura kafin ya tuna ya yi murmushi. Inna ta rungume kansa tana kuka. Amarya ta tsaya gefe da kofin ruwa, idonta bai bar fuskarsa ba.

Bai karɓi ruwan ba. Ya wuce ta ya tsaya gaban zanen.

"Wane ne wannan?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. "Kai ne mana."

"Ni ne?" Ya juya mata baya, ya ja wuyan rigarsa ƙasa. "Dube ni da kyau. Ni ne?"

"Haka kake ran da ka tafi. Haka na riƙe ka."

"Kai ne, ɗan nan," Inna ta ce. "Wa zai zama in ba kai ba?"

"Inna, ke da ba kya gani sosai." Ya juyo gare ni. Idanunsa sun yi ja, amma ba fushi na gani a ciki ba, roƙo ne. "Yaya, ke kika raine ni. Ni ne?"

Amarya ta dube ni da sauran murmushi a fuskarta, tana jiran in kashe maganar da kalma ɗaya. Kunnen nan na dama yana gabana sau biyu, ɗaya a bango, ɗaya a kansa.

"Ni ban san zane ba," na ce.

Murmushin bai gushe nan take ba. A hankali ya tafi, tana kallona, har ta fahimta. Ta ajiye kofin a kan tebur don kada ya faɗi.

* * *

Bai sake ta ba, bai kuma ɗaga mata hannu ba. Ya dai ce ba aji, ba zaure, ba fenti a gidan da yake kwana. Da aka dawo da zane-zanen ya sa aka jibge su a sito fuskarsu na kallon bango, nawa har da shi. Malamin ya kira sau ɗaya ya ji lafiya, Kofur ya amsa, bai ƙara kira ba. Maganar ta fita unguwa, ban san ta wace ƙofa ba. Matan da suka je zaure suka tafa, su ne yanzu ke cewa dama matar soja sai an sa ido.

Amarya na dafa abinci, tana wanki, tana gaishe ni kowace safiya, "Ina kwana, Yaya," ba ta taɓa fasawa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna ta daina tambayar tabarau. Takan zauna ta fuskanci bangon falo, wani lokaci ta ce gidan ya yi duhu, in buɗe labule, alhali a buɗe suke.

Wata safiya na sami Kofur shi kaɗai a baranda, shayinsa ya huce a gabansa. Na zauna. Na shirya maganar tun kwana uku.

"Kofur, zanen nan. Akwai abin da ya kamata in gaya maka."

Ya ɗaga hannu. "Bar shi, Yaya. Na san ba daɗi kika ji ba da kika faɗa." Ya murza idonsa. "A can na ga abin da ya sa na daina yarda da mutane. Wanda kuka ci abinci tare da safe, da yamma ya nuna wa maƙiyi inda kuke. Abu ɗaya nake riƙewa, in ce ina da yayar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Da ba ke ba, ban san me zan kama ba."

Na buɗe baki. Na dubi kofin da ke gabansa. Na ce bari in ɗumama masa shayin.

A hanyar kicin na hangi Auta kwance rub da ciki a bayan kujera, ta sami guntun fensir da bayan wata takardar magani. Kyanwa take zanawa, harshenta a waje don ƙoƙari, kuma kyanwar ta fito, har da yadda take lanƙwasa jela. Na tsaya ina kallo ba ta sani ba.

Sai kujerar baranda ta motsa, takun ubanta ya nufo falo. Yarinyar ta dunƙule takardar da sauri, ta tura ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai, ta harɗe hannuwa, tana kallon ƙofa.