Waɗanda Ba Sa Gida

Jan fentin bai gama bushewa ba Mina ta faɗo gidan Lauratu ko sallama babu, mayafinta na jan ƙasa.

"Madam, fito ki gani! Sun sa wa ƙofata lamba."

Lauratu ta ajiye muciya ta bi maƙwabciyar tata waje. A jikin ƙofar, wadda aka yi da fasasshiyar gangar mai, an rubuta 14/62, fentin yana tsiyaya ƙasa a hankali. Maza biyu ɗauke da gwangwani da buroshi har sun kai gida na huɗu. Duk inda suka nufa sai mata su fizge 'ya'yansu zuwa ciki.

Unguwar Kwali ke nan, a bayan katangar gidajen ma'aikatan ma'adinai na Arlit. Rabin mutanenta Abzinawa ne makiyaya, waɗanda babban fari ya cinye wa dabbobi shekara huɗu da suka wuce. Sauran kuwa leburori ne da aka sallama lokacin da kasuwar uraniyom ta faɗi. Ba wanda ya manta da ranar da aka taɓa rubuta lambobi a ƙofofin nan. Kwana takwas bayan haka manyan motoci suka zo, aka kwashi mutane aka zube su a daji, aka ce kowa ya koma inda ya fito.

"Ba kora ba ce, Mina," in ji Lauratu. "Ƙidayar jama'a ce, ƙasa gaba ɗaya za a yi. In ba a san yawanmu ba, wa zai kawo mana famfo? Wa zai gina mana ɗakin shan magani?"

"Haka suka ce wancan karon."

"Wannan karon ni zan zo da kaina in rubuta ku. Na yi rantsuwa, abin da kuka faɗa mini ba mai ji."

Mina ta dube ta, ta gyaɗa kai. Shekara tara Lauratu na koyar da 'ya'yan unguwar a lakwal, makarantar boko, ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba.

Abin da ba ta gaya wa Mina ba shi ne, ita ce ta jawo lambobin.

* * *

Mako biyu kafin nan ne aka tara malaman makaranta arba'in a aji na shida don horon ƙidaya. Shugabansu Mushe Piyer, wato Malam Piyer a bakin masu Faransanci, wani Kirista ɗan Maraɗi, siririn mutum mai tabarau, wanda ba ya son a bar ko layi ɗaya babu cikawa. Ya manna taswirar gari a allo, ya yanka ta yanki goma sha uku, kowane yanki da mai ƙidayarsa da mai duba aikinsa. Ya koya musu yadda ake bin gidaje daga hannun dama don kada a tsallake ko ɗaya, da yadda ake gano shekarun tsoho ta hanyar tambayarsa wace yunwa ya tuna. Ya nuna musu gurabe uku na takardar: wanda ke gida, baƙo, da wanda ba ya gida, tare da inda ya tafi.

Lauratu ta daɗe tana duban taswirar. Inda gidanta yake, inda mutum fiye da dubu biyu ke kwana suna tashi, fari ne fat kamar hamada.

"Mushe, ina Unguwar Kwali?"

"A takardun da aka ba ni, Madam, an tashe ta tun bayan fari."

"To daga ina nake zuwa kowace safiya?"

Aka yi dariya. Mushe Piyer bai yi ba. Washegari ya bi ta da ƙafa, ya zaga unguwar cikin rana har takalminsa ya cika da yashi, ya zana lungunanta da fensir. Da haka aka samu yanki na goma sha huɗu, aka kuma danƙa mata shi. Ranar ta koma gida tana jin kanta kamar wadda ta haƙa wa mutane rijiya.

Daga ranar ne wani mutum ya fara zama a bencin baya na ajin. Fes-fes yake cikin farar riga, ba ya rubutu, ba ya tambaya, ba a kuma gabatar da shi ba. Kowa ya san biron 'yan leƙen asiri ne ke aiko irinsa. A watannin nan ana ta raɗe-raɗin samari suna ƙetarawa arewa suna koyon riƙe bindiga, an kuma fara ɗauke mutane daga kasuwa ba a sake jin ɗuriyarsu.

Saura kwana uku a fara ƙidayar, bayan an riga an sa lambobin, da aka tashi cin abincin rana, Mushe Piyer ya tsayar da ita a bakin randar ruwa. Ya cika moɗa har ruwan na zuba a wandonsa.

"Madam, takardun kowane yanki Yamai za su wuce kai tsaye cikin akwati," ya faɗa ƙasa-ƙasa, idonsa na kan randar. "Ban da na goma sha huɗu. An ce sai sun kwana biyu a wani wuri tukuna. Gurbin waɗanda ba sa gida ake son gani."

Lauratu ta matso kusa da shi.

"Amma mun yi rantsuwa, Mushe. Kai ka riƙe mana takardar."

"Na sani. Na faɗa musu. Suka tambaye ni 'ya'yana nawa, da sunan makarantar da suke." Ya mayar da moɗar bai sha ba. "Ban gaya miki komai ba, Madam. Ruwa na zo sha."

* * *

Ta tarar da mijinta Ghissa zaune a inuwar zana yana fama da tarin da ya fito da shi daga ramin ma'adinai. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin ƙasa kafin a sallame shi. Shi Ba'abzine ne, ita 'yar Damagaram. 'Ya'yansu huɗu, uku mata. Babban, Hamadi, wata takwas ke nan da ya hau bayan wata motar ɗaukar kaya da ta nufi arewa, bayan ya gaji da tsayuwa a ƙofar kamfani neman aiki. Sau ɗaya ya aiko da saƙo cewa yana lafiya, yana aikin gini. Ko gini ne ko wani abu, Allah kaɗai ya sani.

Ta zayyana wa Ghissa komai. Da tarin ya lafa, ya ce:

"Ki ce ba ki da lafiya, su sa wani."

"Wanda za su sa zai rubuta duk abin da ya ji. Kuma za su tambayi abin da ya kwantar da ni kwana uku kafin aiki."

"To ki tsallake su, kamar ba a haife su ba."

"Sunayensu na cikin katin iyali a hannun hukuma, Malam. Kuma takardar na tambayar kowace mace 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. In mai rai ba ya gida, dole a faɗi inda yake."

Ghissa ya kalli tafin hannunsa. Shi ma ya ga ƙofar da ta rage, ita ma ta gan ta tun a hanya, amma ba wanda ya so ya fara furtawa.

"Wanda ya mutu ba a zuwa neman ubansa," ya ce daga ƙarshe.

"Kada ka ƙarasa, don Allah."

Bai ƙarasa ba.

* * *

Ranar farko ta fito da jakar takardu a kafaɗa da alƙalami biyu. Gidajen da ta yi zaton za su rufe mata ƙofa, shimfiɗa suka yi mata, saboda Mina ta riga ta zaga ta ce Madam ce, a faɗa mata gaskiya. Suka kuwa faɗa. Wannan ɗanta ya tafi bara, waccan mijinta da ƙaninsa, wancan tsoho jikokinsa biyu. Suna faɗa suna kallon bakin alƙalaminta, ba su san abin da yake zanawa ba.

A gidan Mina ta fi daɗewa.

"Shida na haifa," in ji Mina. "Biyu fari ya ɗauke. Biyu ga su nan. Attaher da ƙanensa suna can, kin sani."

Lauratu ta rubuta: haihuwa shida, masu rai biyu. Ta ɗago kai.

"Mina, ki saurare ni da kyau. In wani ya zo bayana ya tambaye ki, huɗu fari ya ɗauke."

Fuskar Mina ta sauya. Ta dubi lambar da ke ƙofarta, ta dubi Lauratu.

"Ke kika ce mu faɗa."

"Ni na ce."

Mina ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ba ta yi kuka da sauti ba, kafaɗunta kawai ke motsi.

Cikin kwana tara Lauratu ta binne samari talatin da bakwai da alƙalami. Ba ta iya cin abinci. Duk motar da ta ji ta rage gudu a bakin unguwa, sai ta leƙa ta kafar zana. Takardar gidanta ta bari ƙarshe, ta cika ta a tsaye, da sauri, ba ta sake dubawa ba.

* * *

Ranar da ta kai takardun, da hantsi, mai farar rigar na zaune a teburin Mushe Piyer, shi kuma Mushe yana tsaye a gefe kamar ɗalibi. Ajin cike yake da masu ƙidaya da ke jiran a karɓi nasu, har da wasu matan unguwa da suka zo sayar da ƙosai a bakin taga.

Mutumin ya buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa. Bai yi sauri ba.

"Madam, samari na mutuwa da yawa a unguwarku."

"Fari ne, ranka ya daɗe. Da ƙyanda, da tari."

"Fari mai zaɓen maza 'yan shekara ashirin." Ya yi murmushi. Ya ci gaba da buɗawa har ya kai wadda yake nema, ya shimfiɗa ta da tafin hannu. "Gida na sittin da uku. Ghissa, Lauratu. Haihuwa huɗu, masu rai uku. Wane ne ya rasu?"

Ajin ya yi tsit. Tun ranar suna Lauratu ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, kamar yadda uwarta ba ta taɓa kiran na nata ɗan farin ba.

"Babban," ta ce.

"Ba shi da suna?"

"Hamadi."

"Ɗaga murya, Madam, ban ji ba. Hamadi ya yi me?"

Ta dubi Mushe Piyer. Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi. Ta tuna Ghissa da ba zai kwana biyu a hannun mutanen nan da wannan ƙirjin ba, ta tuna 'yan matanta uku.

"Hamadi ya rasu."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙansa." Ya tsaya yana jira, idonsa cikin nata. "Ba ki amsa ba."

"Amin."

Ya tattara takardun ya daidaita gefensu a kan tebur, ya miƙa wa Mushe Piyer.

"A sa su cikin akwati, ba abin da zan yi da su. Aikin Madam ya yi kyau." Ya tashi, ya matso har ta ji ƙamshin turarensa, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Kin sauƙaƙa mana. Duk wanda muka gamu da shi a hanyar arewa daga cikin talatin da bakwai ɗin nan, ba wanda zai zo ya tambaye mu shi. Da hannunki kika rubuta."

Ya fita. Masu ƙosai suka matsa suka ba shi hanya.

* * *

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Masu ƙosai sun ji da kunnensu, daga bakin uwa. Waɗanda suka san gaskiya ba su isa su ƙaryata ba, waɗanda ba su sani ba kuwa suka ɗauki mayafi.

Bayan la'asar suka fara zuwa. Malamai abokan aikinta, matan 'yan Damagaram daga garin Akokan da ke kusa, har da matar Mushe Piyer da kwanon shinkafa a kanta. Suna mata faɗa a hankali, yaya za a yi rashi irin wannan ta ɓoye, ta ci gaba da yawo gida-gida da jaka? Limamin unguwa ya zo da mutum biyar. Ghissa ya fito da tabarma da kansa ya shimfiɗa musu a ƙofar gida, ya zauna a ƙarshenta yana karɓar hannu.

A ciki Lauratu ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da zana. Ƙaramar 'yarta ta rarrafo jikinta tana kuka da gaske, tana tambaya yaushe Yaya ya mutu, me ya sa ba a gaya musu ba. Lauratu ta dafa kan yarinyar.

Mina ta shigo a ƙarshe. Ba ta yi gaisuwar ta'aziyya ba. Ta zauna kusa da ita har gwiwoyinsu suka haɗu, ta zuba wa ƙasa ido.

Daga waje muryar liman ta tashi: "A yi wa mamaci Fatiha."

Matan suka ɗaga tafukansu. Lauratu ta dubi nata hannun, tawadar alƙalami na nan shuɗi a gefen yatsanta. Duk ɗakin ita ake jira. A hankali ta ɗaga.