Robar Ƙugu

"Kai mai keke! Tsaya nan! Hannu sama!"

Jibrilla ya matse burki, ya sauke ƙafar dama. Buhunan ƙanƙarar da ya ɗaure a baya suka rinjaya hagu. Ya matse keken da cinyoyi, ya ɗaga hannuwa. Shingen sojoji na bakin Kasuwar Gombe yana gabansa, tazarar jifa. Kullum ta nan yake bi ya kai wa masu zoɓo ƙanƙara. Tun da bam ya tashi a tasha, doka ita ce kowa ya sauka ya ɗaga riga. Yau bai kai ga sauka ba wata mata ta nuna shi da yatsa.

Titi ya watse ba tare da ihu ba. Mai lemo ya bar tirensa. Rediyon wani shago ya ci gaba da magana shi kaɗai. Rana tsaka, amma Jibrilla yana jin ɗigar ruwan ƙanƙara a kan kwalta.

"Mene ne a cikin rigarka?" Muryar sojan ta fito daga bayan buhunan yashi, tare da bakin bindiga.

"Roba ce, yallaɓai."

"Ka motsa, na harbe ka."

Roba ce kuwa. Faffaɗa, baƙa, ya yanko ta daga tiyub ɗin mota, ya naɗe ƙugunsa da ita, ƙullin ya turo riga a gaba. Ciwon baya ya daɗe yana cinsa. Timoti mai gyaran keke a unguwar Herwagana, wanda ya yi tseren keke a zamaninsa, ya taɓa latsa masa ciki ya ce, "Ƙafa kake da ita, ba ka da tsakiya. Kullum da safe ka kifa, ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ka miƙe kamar katako. Ciki ne ke riƙe mahayi." Jibrilla ya gwada a tsakar gidan haya, mata suka yi dariya, ya bari. Robar ta fi sauƙi.

Yanzu robar ba ta riƙe komai. Nauyin yana jan keken hagu, hannuwansa suna sama, tsokar cikinsa ta soma gazawa. In keken ya faɗi, hannu zai bi shi da kansa, ta gefen ƙullin. Ya san haka. Sojan ma jiran haka yake.

"Yallaɓai, keken zai faɗi."

"Riƙe shi!"

Da me? Ya cije. Ya haɗiye numfashi, ya ɗaure cikinsa da ɗan ƙarfin da ya rage. Wata ungulu ta sauka a rufin shago, ta gyara zama. Zafi kamar wuta ya kama masa gadon baya.

"Hannu ɗaya. A hankali. Ɗaga riga."

Ya ɗaga. Ya kwance ƙullin da yatsu biyu. Robar ta sulale ƙasa, jiƙe da zufa. Sai keken ya kife, ƙanƙara ta tarwatse a titi. Jibrilla bai bi shi ba. Ya tsaya, ido a rufe, yana jira.

Ba a harba ba.

"Kwashe kayanka, wawa."

Mutane suka soma fitowa daga lunguna. Matar da ta nuna shi ta matso, takalmi ɗaya a ƙafa. Kande ce mai zoɓo, wadda yake fara sauke wa ƙanƙara kullum.

"Ɗan nan, wallahi ban gane ka ba."

"Kin gane ni, Inna."

Ta durƙusa tana taya shi tsintar ƙanƙarar.

Ya hau keken a karkace, ya bar robar inda ta faɗi. Da ya dawo bayan la'asar tana nan a tsakiyar titi. Motoci da masu ƙafa duk kewaye ta suke yi.