Ijazar Alamin

"Miƙo ta, Nasiba, miƙo ta kan ta tsinke!"

Na shigo gidan maƙwabcina Alamin na iske shi yana kokawar tashi daga angarib, gadonsa na igiya, kumburarriyar ƙafarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Matarsa Nasiba ta yar da muciya ta kawo masa waya. Ya manna ta a kunnen da ya rage masa, ya saurara, ya miƙo mini.

"Malam Abdussalami, ji mini. Mudir ne?"

Ina fa mudir! Muryar mace ce da aka naɗa, tana tallar waƙar kira da Larabci. Sau biyar, sau shida suke damunsa a wuni, 'yan banza, kuma ko ɗaya ba ya bari ta wuce.

Shekara sha ɗaya Alamin yana tada injin ban ruwa a wani kamfanin noma kusa da Abu Na'ama. Da yaƙi ya matso aka nemi maza, ya je ofis neman ijaza, hutun da ake ba mai tafiya soja aikinsa na jiransa. Aka ba shi takarda ya sa hannu. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo da ƙarfe a cinya, kunne ɗaya a toshe. Mudir, shugaban wurin, ya rungume shi, ya ba shi shayi, ya ce, "Za mu kira ka."

Ni na san ba za su kira ba. Nasiba ta kawo mini takardar a ɓoye in karanta, don Alamin ya sauke Alƙur'ani, amma Larabcin ofis sai dai ya kalla. Ba ijaza aka rubuta ba, murabus ne. Shi a ransa ajiye aikin zai yi, irin ajiyar da mai ita ke komawa ya ɗauka. Da ya juya maganar zuwa Larabci sai ta fito "zan bar aiki". Wallahi magatakardan ya gane nufinsa sarai, ya rubuta abin da ya fi musu sauƙi.

Na je wurin mudir da ƙafata. Ya ce, "Da hutu ya nema, doka na bayansa. Amma ga sa hannunsa, ya ustaz." Ƙanen matar mudir ɗin ne ke kan injin yanzu. Na fito ina huci, na rasa wanda zan zaga.

Nasiba ta ce, "Don Allah Malam kar ka gaya mishi. Jiran nan ne kaɗai ke sa shi cin abinci."

Ranar Juma'a da la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ciwon ya soma wari. Muna zaune ƙarƙashin rumfa sai waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya kara a kunne. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Mabruk! Malam, sun ce mabruk! Karɓi ka ji sauran."

Na karɓa. Muryar nan ce: mabruk, wato barka, an zaɓi lambarka, danna ɗaya ka shiga gasar mota. Na bar ta tana zuba har ta gama. Ya kafe ni da ido. Nasiba ta sunkuyar da kai.

"Yaushe sunka ce in zo?"

"Lahadi," na ce.

"Alhamdu lillahi. Ai na gaya muku mudir ba ya cin amana." Ya juya ga matarsa. "Fiddo mini kakin aiki ki wanke. Ki duba maɓallin wuya, ya sake."

Tun ina yaro ban yi ƙaryar da ta ƙona mini rai kamar wannan ba. Ba ƙaryar ce ta fi cina ba, albarkar da ya yi ta sa wa mudir ce, har da matarsa da 'ya'yansa.

Ya cika ranar Asabar da hantsi. Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa in yi wa mata gaisuwa. Kakin na nan a kan igiyar shanya, ya bushe, allura da zare suna lilo a jikin maɓallin wuya.