Barcin Siune a Cikin Bilum

Ni na saƙa bilum ɗin da hannuna, tun cikin Dorin yana wata biyar. Jakar zare ce irin wadda kowace mace a ƙauyenmu take ratayawa a goshi, sai dai ta jariri ana sassauta mata ido don iska ta shiga. Na sa ja da ruwan ɗorawa. Ban yarda jikana na fari ya kwanta a cikin abin da aka sayo a kasuwar Kundiawa ba.

Dorin matar ɗana Kaupa ce. Daga bakin teku ya ɗauko mana ita, siririya, mai ƙaramar murya, ba ta musu da kowa. Shi kuwa direban babbar mota ne a hanyar Lae, in ya leƙo gida sau biyu a wata mun gode. Saboda haka da aka haifi Siune, mu biyu ne a kansa, ni da uwarsa.

Yaron ya zo ne daidai lokacin da gahawa ta nuna. Gonarmu tana can gangare, kusa da rafi, ni kuma gwiwoyina sun daɗe da daina gaisawa da gangaren nan. Da Siune ya yi wata ɗaya, sai Dorin ta fara sauka tsinka. Ta so ta riƙa tafiya da shi, na ce a'a. Ba a kai ɗanyen jariri bakin rafi, iskokin wurin suna son ƙanshinsa. Ta ce, "To, Mama."

Kullum da safe takan ba shi nono, in sa shi a bilum, in rataye a sandar rumfa, in zauna a gefensa ina gyaran dankali. Da ya motsa sai in tura bilum ɗin da yatsa biyu. Ya yi lilo sau uku ko huɗu, shi ke nan ya koma barci. A wannan aiki ba ni da ta biyu, ko Moro maƙwabciyata, wadda ba ta taɓa yabon kowa ba, ta san haka.

"Uwar Kaupa, wai akwai mutum a jakar nan kuwa, ko kabewa kika rataye?" in ji ta wata rana ta kan shinge.

Na ce, "Angona ne, ba ya son hayaniya. Ba irin naku ba da ake jin su tun daga coci."

Wani lokaci Dorin takan hau da rana tsaka, tana haki, ta tsaya a kan bilum tana kallonsa. In ta miƙa hannu sai in ce, "Bar shi, barci yake." Uwata ta koya mini, ita ma tata ta koya mata: mai barci kurwarsa ta fita yawo, in aka tashe shi ba ta dawo ba, sai ta rasa hanya. Babba ma ana lallaɓa shi, balle wanda bai san gidansu ba tukuna. Dorin takan sha ruwa ta koma gangare.

Ranar awo, Sista Filomina ta zo da sikelinta ta rataye a bishiyar bakin coci. Mata suka yi layi. Ni na riƙe Siune, ina jiran a faɗi nauyinsa kowa ya ji. Ta ɗora shi, ta dubi allurar, ta dubi katinsa, ta sake duban allurar.

"Sati bakwai," in ji ta, "amma da kaɗan ya wuce yadda aka haife shi. Yana kama nono sosai?"

Dorin ta ce yana kamawa. Layi yana da tsawo, hadari kuma ya haɗo, Sista ba ta ja zancen ba. Ta ce a yawaita ba shi, mu same ta a asibitin ƙasan dutse bayan sati biyu. In bai ƙaru ba, za a tura uwa da ɗa babban asibiti a kwantar da su.

Kafin mu kai gida magana ta riga mu. Wai nonon matan bakin teku ruwa ne, mutanen da suka tashi da kifi da kwakwa ina za su iya ƙosar da ɗan dutse. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma abin da na ɗauka ke nan. Ban faɗa da baki ba, amma na yanka kaza, na dafa da ganyen kabewa da ɗanyar gwanda, na ajiye mata kwano cike na tsaya a kanta sai da ta cinye. Washegari ma haka. Ta san abin da kwanon yake nufi, ta ci ba ta ɗaga kai ba.

Kwana biyar muna haka. Ni kuma tsoro ya fara shiga ni, don na lura ɗamtsen yaron bai fi babban yatsana ba, tsumman da nake shimfiɗa masa kuma sai ya wuni bai jiƙa ba. Barcinsa ma ya ƙaru. Yanzu ko turawa ba sai na yi ba.

A rana ta shida Dorin ta manta ƙunshin dankalinta. Na ce wannan yarinya, ana fama a cika ta tana barin abinci a gida. Na roƙi Moro ta zauna da bilum, na ɗauki sanda na bi gangaren ina tsine wa kowane dutse.

Ban same ta a cikin gahawa ba. Buhunta yana nan rabi. Can bayan ayaba na hango ta a durƙushe, ta ɗage riga, tana matse nononta a ƙasa. Ba ɗigo yake yi ba, tsartuwa yake, har ya yi fari a kan busasshen ganye. Gaban rigarta sharkaf. Kullum ina ganin rigar nan a jiƙe in ta dawo, ina cewa gumi ne.

Ta gan ni ta saki rigar da sauri kamar na kama ta da sata.

"Tun yaushe kike wannan?"

"Kullum, Mama. In rana ta yi tsaka sai su yi tauri kamar dutse, har hammata nake ji."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

A hankali ta ce, "Ina hawa ai. Kina cewa barci yake."

Na zauna a kan kututture. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina amarya. Abincin yaron yana zuba a gindin ayaba, shi yana can sama da yunwa, ni kuma ina tsakani da yatsuna biyu ina taƙama.

Muka hau tare, ita a gaba ni a baya. Moro ta ce ko motsi bai yi ba. Na sauke bilum ɗin na buɗe. Yana kwance ya dunƙule hannu, bakinsa yana ɗan tsotson iska. Sau nawa na ga bakin nan yana haka na ce mafarki yake?

Dorin ta tsaya tana jirana. Abin da uwata ta faɗa bai bar kaina ba. Na ce a raina, in kurwa ta fita yawo, ai ana iya kiranta. Na durƙusa na kama tafin ƙafarsa ina murzawa, na sa baki kusa da kunnensa.

"Siune. Siune, dawo gida. Ga uwarka. Angona, dawo, an gama abinci."

Ya yamutsa fuska. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni kamar na ci bashinsa, sannan ya saki kuka, ɗan siriri. Dorin ta karɓe shi. Da farko ya yi kasala, ta lallaɓa shi, can sai ya kama. Muna jin haɗiyarsa daga inda muke zaune.

Daga ranar Dorin ta bar gangare. 'Ya'yan ƙanwata mata suka ƙarasa tsinkar, wadda ta zube kuma ta zube. In ya yi barci ya wuce kima, ni nake kiran kurwar, ita ta ba shi. Da kwanaki suka tafi sai ya daina jiran kira, shi yake kiranmu, da murya har coci. Tsummoki suka cika igiya. Moro ta ce kabewata ta zama rediyo. Hannuna kuwa ya saba, da ya motsa sai in ga yatsuna sun nufi bilum, dole na koma zama a kansu.

Ranar da muka sauka asibiti akwai matan ƙauyenmu da yawa a benci, har da Moro da ta kawo jikarta rigakafi. Sista ta ɗora shi. Ban iya karanta allura ba, fuskarta na kalla.

"Yawwa, ɗan gari," in ji ta. "Yanzu ka fara hawa. Ba inda za a tura ku, amma ku dawo bayan sati biyu in sake gani."

Moro ta tafa hannu. "Kai, Uwar Kaupa, kajinki ba su mutu a banza ba! Kin mai da ruwa nono."

Mata suka yi dariya. Da na yi shiru da shi ke nan, yabon ya zama nawa. Na dubi Dorin, ta sunkuyar da kai tana ɗaura wa yaron tsumma.

Na ce, "Ba kaza ba ce. Nonon yarinyar nan ya ishi 'yan biyu tun ranar farko, a ƙasa take zubar da shi. Ni ce na hana shi tashi ya sha. Duk wadda ta ce ruwa ne, ta zo ta faɗa a gabana."

Moro ta juya tana gyara wa jikarta riga.

Da muka fito, na miƙa hannu zan ɗauki bilum kamar kullum. Dorin ta riga ni. Ba ta tambaye ni ba, ta ɗaga igiyar ta ɗora a goshinta, ta gyara shi a bayanta.

"Mama, ki riƙe mana katin," in ji ta.

Na karɓa. Ta kama hanyar dutse da ɗanta, ni kuma na bi su a baya da sandata.